Daga Gidan Maɗori Zuwa Dala: Yadda Aka Yi Jinyar Ƙashin Yara a Ƙasarmu

Duk lokacin da aka ce a rubuta tarihin gari, abin da alƙalami ya fi saurin kamawa shi ne jerin sarakuna, da shekarar da aka gina makarantar elemantare, da ranar da kwalta ta iso. Ba kasafai ake tunawa da yaran da ba su taɓa taka wannan kwalta da ƙafafunsu ba. Alhali kuwa duk wanda ya haura shekara hamsin a cikinmu, idan ya tuno unguwar da ya tashi, zai ga aƙalla yaro ɗaya mai rarrafe, ko mai dafa gwiwa da hannu in zai yi tafiya, ko mai doro, ko wanda hannunsa ya ƙare a gwiwa. Mu da muka yi shekaru muna riƙe da rajistar makaranta mun san sunayen irin waɗannan yara ba su cika shiga cikinta ba, in ma sun shiga ba sa daɗewa. Tarihinsu, da na waɗanda suka yi jinyarsu, shi muke so mu waiwaya a wannan fitowa.

Gidan Maɗori

Tun kafin a san asibiti a ƙasar Hausa, akwai gidan da kowa ya san hanyarsa idan ƙashi ya karye. Ɗori sana'a ce ta gado. Ɗa yakan koya a gaban mahaifinsa, yana riƙe masa ƙafar majinyaci tun yana ƙarami, har hannunsa ya saba da rarrabe karaya da targaɗe da gocewar ƙashi. A wasu garuruwa har sarauta ake naɗawa ta Sarkin Ɗori. Maɗoran da ba su cika yin ciniki ba. Abin da aka samu shi ake miƙawa, ko kaza, ko kwanon hatsi, ko kuwa godiya kawai.

Aikin nasu a bayyane yake. Maɗori zai shafa wurin har ya gano inda ƙashin ya rabu, ƙarfafa biyu su danne majinyaci, shi kuma ya ja gaɓar ya daidaita. Daga nan a shafe ta da man shanu ko man kaɗe, a jera mata karan dawa ko tsagin gora kamar asabari, a naɗe da tsumma, a yi tofi. Babu maganin kashe zafi, sai dauriya.

Wajibi ne mu yi wa waɗannan bayin Allah adalci. Sun yi wa al'umma hidima a lokacin da babu kowa sai su, kuma dubban yara sun tashi garau daga hannunsu. Sai dai ilimin yau ya nuna mana cewa rabin wannan nasara daga halittar ƙashin yaro take. Ƙashin yaro kamar ɗanyen reshe yake, sau da yawa lanƙwashewa yake yi ya tsage ta gefe guda, ba ya ɓallewa biyu kamar na babba. Tantanin da ya lulluɓe shi mai kauri ne, yana kuma saurin fitar da sabon ƙashi, shi ya sa karayar da za ta kwantar da dattijo wata uku takan haɗe wa yaro cikin 'yan makonni. Ko da ta haɗe a ɗan karkace, girma yakan miƙar da ita sannu a hankali. Wato da yawa daga cikin karayar yara, abin da suke buƙata bai wuce a hana gaɓar motsi ba, wannan kuwa karan dawa ma yana yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne gwiwar hannu. Yaron da ya faɗo daga bisa mangwaro ko jaki yakan tare ƙasa da tafin hannu, sai ƙashin dantse ya karye dab da gwiwa, daidai inda babbar jijiyar jini ke wucewa. Wurin yakan kumbura ƙwarai. Idan an ɗaure shi tamau tun kafin kumburin ya gama tashi, naman ba shi da inda zai buɗa, sai jini ya daina kai wa yatsu. Cikin sa'o'i kaɗan tsoka takan fara mutuwa. Yaro zai kwana yana ihu, manya su ce raki ne, ai ɗori ya gaji haka. Bayan kwana biyu ko uku ihun ya lafa, a ce Alhamdu lillahi sauƙi ya samu, alhali hannun ne ya mutu. Ranar da wari ya sa aka kwance, sai a tarar yatsu sun yi baƙi. Wanda ya yi sa'a ya tsira da hannu a ƙanƙance kamar ƙafar shaho, wanda bai yi ba, sai yankewa.

Likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Maiduguri sun rubuta rahotanni a shekarun 1990 da farkon 2000 da ke nuna cewa irin wannan matsattsen ɗori yana sahun gaba cikin dalilan yanke wa yara hannu ko ƙafa a Arewa. A nan ne kuma aka samu wata sarƙaƙiya mai ban tausayi. Iyaye suna gudun asibiti don an ce can yanke hannu ake yi. Saboda haka ba a zuwa sai hannun ya ruɓe. In an je kuwa babu abin da ya rage wa likita sai yankewa. A dawo gida labari ya ƙara tabbata. Ba mu san wata jita-jita da ta ciyar da kanta da kanta tsawon shekaru kamar wannan ba.

Abin da Ya Fi Ƙarfin Ɗori

Karaya ma ita ce mai sauƙi, domin an ga lokacin da yaro ya faɗi. Masu wuyar su ne cututtukan da kan zo ba sallama.

Babbarsu ita ce shan inna. Sunan kansa ya isa ya gaya wa mai karatu yadda kakanninmu suka fahimci abin: Inna tana cikin iskokin da masu bori suka sani, aka kuma ɗauka ita ce ke shanye ƙafar yaro. Ba za mu yi musu dariya ba. Yaro ne lafiyayye, ya fara tafiya, ya yi zazzaɓin kwana biyu, a wayi gari ƙafa ta saki kamar tsumma, ba ciwo ba kumburi. Wanda bai taɓa jin labarin ƙwayar cutar da ido ba ya gani ba, me zai ce? Gaskiyar al'amari, ƙwayar tana fita ne cikin bayan gida, ta shiga bakin wani yaron ta gurɓataccen ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa ma sanin ta shiga. Kimanin ɗaya cikin 200 ne takan kai wa laka, ta kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, kuma ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5.

An yi turare, an sha rubutu, an yi gashi, an kai wa masu girka, babu abin da ke dawo da jijiyar da ta mutu, har yau ɗin nan ma babu. Amma nakasar da muka saba gani ba duka cutar ce ta yi ta ba. Yaron da aka bari yana rarrafe shekara da shekaru, gwiwarsa da ƙugunsa sukan ƙage a lanƙwashe, ta yadda ko ƙafar tana da sauran ƙarfi ba za ta miƙe ba. Da an riƙa miƙar masa da gaɓoɓin kullum tun farko, da yawansu da sun tsaya da sanda. Zuwan allura ma ya kawo tasa ɓarnar. Lokacin da masu allurar bayan fage suka cika ƙauyuka, allurar zazzaɓi da aka soka ba daidai ba a mazaunai takan taɓa babbar jijiyar ƙafa ta shanye ta, ita ma a ce Inna ce.

Al'ummarmu ba ta yar da waɗannan yara ba, wannan abin a yaba ne. Suna da Sarkin Guragu, suna aure, suna da wurinsu a ƙofar masallacin Juma'a da bakin kasuwa. Sai dai ƙofa ɗaya tak aka buɗe musu sosai, ita ce ta bara. 'Yan kaɗan da iyayensu suka dage ne suka koyi ɗinkin hula ko dukanci ko gyaran rediyo, mafi ƙaranci kuma suka ga allon makarantar boko.

Sai doro. Ba kowa ya san cewa ƙusumbin da kan fito wa yaro tsini guda a tsakiyar baya, mafi yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin bayan har ya rufta ba. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana cutar tun 1779, amma magani bai samu ba sai da aka gano allurar streptomycin a 1943, sannan ƙwayar isoniazid ta biyo baya a 1952. Akwai kuma masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda mugunya kan taru musu cikin ɓargo ta huda fata ta yi ta tsiyaya shekaru, ko kan ƙashin cinyarsu ya mutu su riƙa ɗingishi. Akwai jariran da ake haifa da tafin ƙafa a murɗe ciki, su girma suna taka gefen ƙafa har wurin ya yi kanta. Duk waɗannan, maɗori na ƙwarai yakan duba ya ce wannan ba nasa ba ne.

Can Turai Ma Daga Yara Aka Faro

Abin sha'awa, sunan da Turawa ke kiran ilimin likitancin ƙashi ma'anarsa ta asali ita ce miƙar da yaro. Wani farfesan likitanci a birnin Paris, Nicolas Andry, shi ya ƙirƙiro sunan a littafin da ya wallafa a 1741, ya kuma sa hoton karkatacciyar bishiya da aka ɗaure jikin miƙaƙƙen turke. Har yau hoton nan shi ne tambarin likitocin ƙashi. Bahaushe bai buƙaci a fassara masa ba, shi da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗaurin filasta wani likitan soja ɗan ƙasar Holan, Antonius Mathijsen, ya bayyana shi a 1852. Hoton ƙashi ya samu a 1895 ta hannun Bajamushe Röntgen. Amma wanda ya fi jan hankalinmu shi ne Hugh Owen Thomas na Libaful, wanda Ingilishi ke ɗauka uban wannan fanni a ƙasarsu. Ɗan gidan maɗora ne, kakanninsa a yankin Wales suka yi sana'ar. Mahaifinsa ya tura shi makarantar likita, ya dawo ya haɗa hannun gado da ilimin littafi. Ƙarfen ɗaure cinya da ya ƙera ya ceci rayukan sojoji masu ɗimbin yawa a Yaƙin Duniya na Farko. Wato can ba a rushe gidan maɗori ba, ɗansa aka kai makaranta. Mu a nan gidajen biyu sun shafe fiye da rabin ƙarni suna harara juna, yara suna biyan kuɗin.

Dala

Asibitocin En'e da na mishan da aka buɗe a Arewa daga shekarun 1920 sun yi ɗori da filasta gwargwadon hali, amma likita ɗaya ne ke karɓar haihuwa, ya yi tiyatar gwaiwa, ya duba masu kuturta. Asibitin ƙashi na musamman a Nijeriya ya fara ne a Igbobi ta Ikko, wanda aka soma a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu domin sojojin da suka dawo da raunuka. Ga mutumin Katsina ko Haɗeja kuwa, Ikko da Makka kusan duk ɗaya ne.

A watan Disamba na 1959, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala, kusa da Ƙofar Ruwa a Kano. Likitocinsa na farko daga Ingila suka zo. A 1979 gwamnatin tarayya ta haɗa shi da na Igbobi da na Inugu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Shekaru da dama shi kaɗai ne irinsa a duk faɗin Arewa, majinyata har daga Nijar da Chadi. Kalmar Dala ta zama tana da ma'ana biyu a bakin mutanenmu: ga mai tarihi dutse ce, ga mai jinya kuwa wuri ne da ake zuwa bayan an gama zuwa ko'ina.

Me aka riƙa yi wa yara a can? Mai karayar cinya a kwantar da shi, a rataya wa ƙafar nauyi ta kan ƙarfen gado har ƙashin ya haɗe. Mai shan inna da gwiwa ta ƙage, a yi masa tiyata a sassauta jijiyoyin da suka ɗaure, a miƙar da ƙafar cikin filasta, sannan a auna masa takalmin ƙarfe da sandunan dogarawa, masu gashin ƙashi su koya masa tafiya. Yaron da ya shekara bakwai yana kallon duniya daga ƙasa, ran nan ya tsaya ya kalli mahaifiyarsa ido da ido. Irin wannan aiki an yi shi a wasu sassan Afirka ma. A Kampala ta Yuganda, Farfesa Ronald Huckstep ya yi suna a shekarun 1960 wajen ƙera takalman ƙarfe masu araha da kayan da ake samu a gida.

Nijeriya ma ta koya wa duniya wani abu. A da, mai tarin fukan ƙashin baya a Turai akan kwantar da shi cikin gadon filasta shekara ɗaya ko biyu. Asibitin koyarwa na Badun ba shi da gadajen da za a yi haka, sai likita Peter Konstam ya riƙa ba majinyata magani suna tafiya gida suna dawowa. Sakamakon da aka wallafa a 1962 ya nuna mafi yawansu sun warke, binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashe kuma ya gaskata shi. Rashi ne ya haifi dabarar.

Wahalar Dala ba ta cikin ɗakin tiyata ba ce, ta hanya ce da aljihu. Uba zai bar gona da damina, uwa ta bar sauran yara, a sayar da akuya ko ɗan maraƙi, a kwana a baranda. Takalmin ƙarfe kuma ba a yin sa sau ɗaya. Yaro yana girma, takalmi ba ya girma. Da yawa sun je sau ɗaya, takalmin ya matse, kuɗin komawa ya gagara, aka rataye shi a rumbu, yaro ya koma rarrafe.

Gwame da Murɗaɗɗiyar Ƙafa

Ƙafar baka kaɗan a wurin yaro mai koyon tafiya ba cuta ba ce, takan miƙe da kanta wajen shekara 3. Amma akwai wadda ke ƙaruwa, ko ta zama gwame mai tsanani, ga kumburin wuyan hannu da ciwon ƙafa. Littattafan da aka koyar da mu a kwalejin horon malamai sun ce rashin bitamin D ne, wanda jiki ke samu daga hasken rana. To, ina rashin rana a ƙasar Hausa? Amsar ta fito daga Jos. Binciken da likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna cewa yaran namu sinadarin kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci, domin abincinsu hatsi ne zalla, ba nono ba kifi. Da aka ba su kalsiyam ƙasusuwan suka warke, ƙafafu da yawa suka miƙe ba tare da wuƙa ba. Daga baya ma an gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, ya yi aiki. Abin a duba ne a gidajen da ake tatsar nono da safe a kai shi kasuwa duka.

Ita kuwa murɗaɗɗiyar ƙafar jarirai, wadda kan sami kimanin ɗaya cikin 1,000, a da babbar tiyata ake yi mata, ƙafar ta miƙe amma ta sandare. Wani likita ɗan asalin Sifen da ya yi aiki a Iowa ta Amurka, Ignacio Ponseti, ya wallafa wata hanya tun 1963: a riƙa juya ƙafar a hankali da hannu ana sa filasta mako-mako kamar sau 5 ko 6, a ɗan tsaga agara, sannan yaro ya riƙa kwana da takalmi mai sanda har ya kai shekara 4 ko 5. Duniya ta yi biris da shi kusan shekara talatin. Sai wajen ƙarshen shekarun 2000 hanyar ta fara kafuwa a Nijeriya, alhali tana gyara fiye da 90 cikin 100 idan an fara da wuri.

Yadda Aka Rabu da Inna

Allurar rigakafin shan inna ta Jonas Salk ta fito a 1955, ta ɗigawa a baki ta Albert Sabin ta biyo baya a farkon shekarun 1960. Lokacin da ƙasashen duniya suka ɗaura aniyar kawar da cutar a 1988, tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

Babin da ya fi mana nauyin faɗa shi ne na 2003. A shekarar ce aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa, bisa zargin an gauraya shi da maganin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, amma ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yaran Kano a 1996 ba, suna kuma tambaya, me ya sa ake bin su gida-gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai sun saya? Tambaya ce mai ma'ana. Sai dai kafin Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, da wanda aka sayo daga Indunusiya, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da suka nakasa a tsakanin nan kuwa ba su ne suka yi gardamar ba.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna. Daga 2009, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka ɗauki aikin a matsayin nasu. Su ma guragun Kano, masu ƙera kekunan hannu, sun riƙa bin ma'aikata suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Gani ya kori ji. An biya farashi mai tsada, domin a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, kusan dukkansu mata. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila cikin Yulin 2014, na ƙarshe a Nijeriya kuma a Borno a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Ba a daina ɗiga rigakafin ba, domin a shekarun da suka biyo baya an ci gaba da samun wani nau'in da ya rikiɗe a wuraren da yara da yawa ba su karɓa ba.

Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi hanyar da keken guragu zai hau. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Da muka zaga makarantun firamaren garin nan kafin rubuta wannan maƙala, kowane aji matakala ce a ƙofarsa, wani biyu, wani uku.